A Mayar wa Gwaggo Asabe Kabarta

Zuwa ga Mai Girma Nazirin Waƙafi, mai kula da rubaɗi, gidan sadaka na tsofaffin mata da ke Bani Malik, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Idrisu ɗan Mamman, direban babbar mota, mazaunin unguwar Ruwais. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini in dawo gobe, shi ya sa na rubuto a fili.

Gwaggona Asabe, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni. Da ƙafa suka taso daga ƙasar Katsina, suka shekara bakwai a hanya kafin su ƙetaro teku. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni na kawo ta gidanku shekara huɗu da suka wuce, domin ɗakina ɗaya ne, ga yara biyar, ni kuma kullum ina hanyar Madina. Ba na ɓoyewa, har yau abin yana ci mini rai.

Na ɗaya. Da na kawo ta kuka take yi. Abin da ya zaunar da ita kaba ce. Kowace Jumma'a nakan kawo dami, matan gidan su taru a inuwar tsakar gida bayan la'asar. Gwaggo tana saƙa faifai. Hajja Zainabu, Bahausar Sudan wadda ba ta gani, tana tsaga kabar da farce, ba ta taɓa kuskure. Wata 'yar Yaman ta koyi rini a wajensu, ita kuma ta koya musu ɗinkin hula. Ba su jin harshen juna sosai, amma dariyarsu har ƙofa.

Na biyu. Bayan Hajjin bana kuka kawo sabon mai kula da gida. Garwashin shayi ya ƙona gefen katifa a wani ɗaki, aka kashe da buta ɗaya. Washegari ya sa aka kwashe kaba da allurai da zare da tukwanen rini, aka kulle a sito. Ba kaba ce ta kama wuta ba, ya Shehu. Da na yi masa magana, sai ya ce masu kawo sadaka ba sa son ganin gidan kamar kasuwa, halas, wato magana ta ƙare.

Na uku, shi ne ya fi tayar mini da hankali. Wata uku ke nan suna zaune suna kallon bango. Hajja Zainabu ta daina fitowa daga ɗaki. Gwaggo ta rame, yatsunta sun sage. Jumma'ar da ta wuce na tarar ta warware gefen tabarmar da take kwanciya a kai, tana sake saƙawa. Ta ce mini, "Idi, in na bar hannun nan ya kwanta, ni ma kwantawa zan yi." Mai kula da gida ya rubuta cewa tana lalata kayan waƙafi, hankalinta ya gushe, kuma ranar Asabar mota za ta zo a kai ta asibitin masu taɓin hankali. Alhali ita ce matar da a ranar ta lissafa mini sunayen 'ya'yana biyar, ta kuma tambayi tarin da ƙaramar take yi.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. A dakatar da motar nan. A buɗe sito a mayar musu da kayansu. Idan wuta ake tsoro, ni zan kawo akwatin ƙarfe a riƙa ajiye kabar nesa da murhu. Sannan ka zo da kanka bayan la'asar ka zauna da ita ko na rabin sa'a, ka yi mata duk tambayar da kake so.

Idan ba a yi ba, ranar Asabar da asuba zan zo in tafi da ita Ruwais, yarana su kwana a soro. Amma Hajja Zainabu ba ta da kowa a ƙasar nan da zai zo ya ɗauke ta.

Allah ya ja kwananka, ya jiƙan wanda ya gina gidan nan, ya ba ka masu kula da kai ranar da ƙarfinka ya ƙare.

Wassalam.
Idrisu ɗan Mamman, Ruwais.