Ranka Ya Daɗe, Ka Kyautar Da Ni Kamar Carbi

Zuwa ga Mai Girma Ra'isin nadinmu, wato shugaban ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da iskar bakin tekun Abhur, wadda mu mutanen unguwar Ammariyya sai dai mu ji labarinta. Ni ne Usman, dogon nan mai tsayuwa ƙarƙashin kwando, mai lamba goma sha ɗaya. Na faɗi lambar ne don na san ta fi sunana zama a kanka. Sau uku ina zuwa ofis ana ce mini ka fita, alhali ga motarka a inuwa. Shi ya sa na kawo maganar cikin jarida, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Na ɗaya. Shekara tara ke nan ina yi wa nadin nan wasa, tun filinmu na siminti ne duk tsaga, tun muna saƙa ragar kwando da igiyar masunta. Da safe ina tashar jiragen ruwa ina sauke kaya, da la'asar in zo in yi ta tsalle. Ban taɓa cewa na gaji ba.

Na biyu. Juma'ar farko bayan Ƙaramar Sallah ka yi wa ra'isin wani nadi na garin Ɗa'if liyafar rana a gidanka. Mai dafa maka abinci ɗan unguwarmu ne, don haka kada ka wahalar da kanka da musu. An ci rago da shinkafa, an kawo gahawa, sai baƙo ya ga hoton 'yan wasa a bango, ya ɗora yatsa a kaina ya ce masha Allah, dogon nan ya ba su wahala bara. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san al'ada: in baƙo ya yaba abinka, sai ka ce halas, ya zama nasa. Ana yin haka da carbi, da turare, da darduma, wani lokaci har da agogo in kunya ta kama mai gida sosai. Kai kuwa, Allah ya ƙara maka karamci, da mutum ka yi, mai gemu da mata da 'ya'ya biyu. Baƙon nan bawan Allah ya ƙi, ka rantse. Ya sake ƙi, ka sake rantsewa. Kafin gahawa ta huce an kawo katina na ɗan wasa an sa hannu. Haba, Ranka ya daɗe! Ko ragon da kuka ci ai an duba haƙoransa kafin a saya, ni ko kirana ba a yi ba.

Na uku. Baƙo mai mutunci ba ya karɓar kyauta bai rama ba, sai ya bar muku zaɓin farko cikin ɗaliban garinsu da suka gama sakandare bana. Ka aika aka jera yara a jikin bango, aka ɗauki wanda kansa ya fi nisa da ƙasa, ba tare da an miƙa masa ƙwallo an ga ko ya san ta ba. Sati bai cika ba ubansa ya sa shi a jirgi zuwa Alƙahira karatun likita. Allah ya ba shi sa'a, ya fi mu hankali. Wannan shi ne sakin na hannu kamun na guje. Yanzu mai horar da mu, Bamisiren nan mai haƙuri, gajeren cikinmu yake tsayarwa ƙarƙashin kwando, duk wasan gwaji sai dai ya dafe kai yana salati.

Na huɗu, kuma nan ne abin dariyar ya ƙare mini. Na hau Ɗa'if da kaina, ta hanyar dutsen nan mai murɗa hanji. Ra'isinsu ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni shayi, sannan ya rage murya ya ce dogaye biyu gare shi, bai san inda zai sa ni ba, yabon ladabi kawai ya yi. Amma ba zai mayar da kyauta ba, don cin fuskarka ne. Kai ma ba za ka nemi abin da ka kyautar ba, don abin kunya ne. To ga katina can cikin aljihun teburinsa yana barci. Ni kuma aikina da kafilina mai tsaya mini kan takardun zama suna Jidda, ga Inna ta tsufa, ni ke kai ta asibiti. In koma Ɗa'if in ci me?

Ƙarshen watan nan za a rufe rajistar 'yan wasa. Shekarata talatin da biyu, likita kuma ya ce bana ce ta ƙarshe ga gwiwata ta dama. In ban yi wasa bana ba, na gama ke nan. Wallahi abin nan ya yi mini ciwo har cikin rai. Burina kawai in yi wasan ban kwana cikin rigar da na tsufa a ciki.

Roƙona ɗaya ne, kuma ba zai taɓa mutuncin kowa ba. Ka hau motarka ka kai masa ziyara kafin wata ya mutu. In an kawo gahawa, ka tambayi labarina, ka ce masha Allah, Usman ɗan wasa ne. Dole ya ce halas, na zama naka. Ya ma ce in gaya maka yana jira.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara arziki, ya tsare direbanka da mai dafa abincinka daga yabon baƙi. Allah kuma ya sauƙaƙa maka furta kalmomin nan, don na san a nan wahalar take: shekara tara ina gabanka, ban taɓa jin ka faɗe su ba.

Wassalam.

Naka, in Allah ya yarda ka karɓe ni,
Usman na Ammariyya