Ban Yarda Wutarka Ta Mutu Ba, Yaya Haruna

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan saƙo zai same ka lafiya a duk inda kake. Na sa shi a fili ne don ban san inda zan aika ba, ko wani direba zai gani ya kai maka.

Tun ranar da ka tsallaka iyaka a Magama da lodin gero, ba mu sake jin muryarka ba. An rufe boda, an buɗe, shiru. Yanzu Kawu ya matsa a yi maka sadakar mamaci. Na ce ban yarda ba. Har da ɗaga murya, ni da ka sani da kunya.

Kana tuna murhun Inna da safe? Na leƙa na ga toka, na ce wuta ta mutu. Ka kama hannuna ka kai bayansa kusa, ka ce, "Ke dai tsaya ki ji, ido ba shi ganin komi." Sai na ji ɗumi.

To, ni malamar taurarin nan da kake tsokana, aikina ke nan yau. Can nesa, a tsakiyar wasu tarin taurari, akwai abin da muke kira bilaza. Sai ta yi shekaru a dushe, rana ɗaya haskenta ya tashi. Na'urar hangen nesa tana auna mana haskenta wanda ido ba ya gani, irin ɗumin nan na toka, ni kuma ina duba sakamakon a kwamfuta. Ƙa'idar aikin ita ce ba a daina dubawa don an ji shiru. Wadda na fi daɗewa ina bi ta haskaka a watan jiya. Na yi kuka a ofis, abokan aiki suka ɗauka murna ce kawai.

Da na zo Jibiya, wani mai shayi a tasha ya ce an ga mai kama da kai a wani gareji a Agadas. Ban gaya wa Kawu ba. Inna na gaya wa, ta tashi ta share ɗakinka.

Idan kunyar dawowa hannu sake ce ta riƙe ka, wallahi ba ma son komai. Ka kira kawai, ko ka yi filashin.

Allah Ya tsare ka, Ya haɗa fuskokinmu Inna tana da rai.

Ƙanwarka mai jira,
Hadiza