Sakamakon Asibitina Ya Maƙale a Firintar 'Yata

Malam mai wannan fili, salamu alaikum. Don Allah ka cece ni kafin ranar Alhamis. Da yatsana na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, duk da na duba.

Ni kafinta ne, shekarata sittin da ɗaya. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, shi ma malaman ne suka riga ni gajiya. Hausa ina karanta ta sarai, Turanci kuwa daga nesa muke gaisawa.

Autata tana da kwamfuta ta tebur da firinta a ɗakin gaba. Teburin ni na ƙera, shi kaɗai na fahimta a wurin. Tana buga wa ɗalibai da masu neman aiki takardu, da haka take riƙe kanta a makarantar koyon aikin jinya. Karo na biyu ke nan tana wannan karatu. Na farko ta ajiye shi ta yi jinyar mahaifiyarta wata goma sha huɗu, har Allah ya karɓi abarsa. Yayyenta maza biyu suna nesa da iyalansu, su waya suka riƙa yi, ita ta riƙa wanki. Yanzu saura mata wata biyar ta gama.

Kwana tara da suka wuce asibiti suka turo mini sakamakon gwaji a waya. Na daɗe ina fama da ciki, ina tsokanar Auta cewa girkinta ne. Likita ya ce ƙari ne a hanji, kuma bai ji daɗin kamanninsa ba, in buga sakamakon a takarda in kai babban asibiti cikin sati biyu. Akwai shagon buga takardu a bakin titinmu, amma mai shagon ba ya miƙa maka takarda sai ya karance ta tas, matarsa kuma ta ji labari kafin tawada ta bushe. Sai na ce ai ga inji a gida, kullum ina kallon yadda ake yi. Da Auta ta tafi makaranta na jona wayata da kwamfutar, na buɗe takardar, na danna ɗan hoton firinta, har ina jin kaina wani injiniya.

Sai wani akwati ya faɗo tsakiyar allon, da alamar garkuwa da dogon Turanci. Abin da na iya tsinta shi ne wai ba a amince da manhajar firintar ba, tana iya cutar da kwamfutar, in bari ko in hana. Tsoro ya sa na danna hana. Firinta ta yi shiru. To Malam, a sana'ata idan ƙusa ta ƙi shiga, guduma ake ƙara mata. Na sake danna hoton firintar, akwatin ya dawo, na kore shi, na sake. Sau goma sha bakwai, na ƙirga. Ko tari injin bai yi ba. Na zare wayata, na goge teburin da hannun riga, na koma shago kamar ban taɓa zuwa ba.

Da yamma Auta ta zauna aiki, ita ma akwatin ya tare ta. Ta ce kwamfutar ce ta sabunta kanta, shi ya sa ta daina gane firintar. Sannan ta ƙara da cewa wai duk takardar da aka tura ba ta ɓata ba, tana layi tana jira, da zarar an gyara za su fito ɗaya bayan ɗaya, na farko shi ne farko. Ta ga wata takarda mai suna da lambobi ta cika saman layin, ta ɗauka wani ɗalibi ne mara haƙuri cikin waɗanda take bari su zauna da kansu. Ta zage shi sosai a gabana. Ni ma na taya ta, na ce iyayensa ba su yi tarbiyya ba.

Daga nan na zama ɓarawo a gidana. Na zare kebul ɗin da ke haɗa firintar da kwamfutar na ɓoye ƙarƙashin zarto a akwatin kayan aikina. Ta birkita ɗakin tana nema, na riƙe mata kujera ta leƙa saman kabad. Ta sayo wani, na bi ta bayan tebur na sassauta shi. Masu kawo mata aiki duk sun koma shagon bakin titi. Shekaranjiya na same ta zaune gaban allon tana share hawaye, tana cewa ita komai ta taɓa sai ya lalace. Na yi mata wani barkwanci, ba ta yi dariya ba, ni ma ban ji daɗinsa ba. Yanzu ta kira mai gyara, ranar Alhamis zai zo. Ka ga idan ya iya aikinsa, yarinyar da ta san karanta irin wannan takarda fiye da ni za ta tsaya tana karɓar ciwon ubanta kwafi goma sha bakwai.

Asibitin ban je ba har yau, tunda ba takarda. Wandona kuwa kullum ƙara faɗi yake yi, na ce mata tela ne ya cuce ni.

Abu biyu nake so. Yaya ake kawar da wannan gargaɗi ba tare da an kashe mata kwamfuta ba, kuma yaya zan share takarduna daga layin kafin mutumin ya zo? Kada ka ce in gaya mata, na san halinku. Idan ta ji, littattafanta za ta rufe ta ɗauko bokiti, na ga ta yi sau ɗaya. Na san akwai maganar da take bina, ban dai san da wane baki zan biya ta ba.

Naka,
Kafinta Mai Yatsa Ɗaya

Amsa

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ba ka lafiya. Bari mu fara da injin, tunda shi ka tambaya.

Irin wannan gargaɗi yakan fito ne idan kwamfuta ta sabunta kanta alhali manhajar firintar tsohuwa ce, ko ba ta ɗauke da shaidar kamfanin da ya yi ta. Ka yi daidai da ba ka danna bari a makance ba. Kada a kashe manhajar tsaro don a samu wucewa, kada kuma a sauke wata daga kowane shafin da ya fara fitowa. A duba lambar samfurin da ke jikin firintar, a shiga shafin kamfaninta na ainihi, a cire tsohuwar manhajar, a saka sabuwa, a kashe kwamfutar a kunna. Wannan aikin Auta ne ko mai gyara, kai ka janye hannu.

Layin kuwa yana cikin saituna, sashen firintoci. A zaɓi sunan firintar, a buɗe jerin masu jira, a soke takardar da ake so. Akwai aikin mutane a ciki, wanda ya soke duka ya ƙara mata asara. Wani lokaci takarda takan ƙi sokuwa sai mai gyara ya sa hannu. Na faɗa maka don haƙƙinka ne ka sani, amma kada ka ɗauka ka tsira. Kwamfuta tana tuna abin da aka buɗe a cikinta, kuma idan takardu goma sha bakwai suka ɓace rana ɗaya, Auta ta san mutum nawa ne a gidan.

Yanzu abin da ya fi gaggawa. Gobe da safe ka ɗauki wayarka ka tafi babban asibitin. Ka buga takardar a wani shago da ba a san ka ba, ko ka nuna musu a wayar su gaya maka yadda za a yi. Kwana biyar suka rage cikin wa'adin likita, kuma ni da kai mun san ba firinta ce ta hana ka zuwa ba.

Tsoronka ba na banza ba ne. Yarinyar da ta ajiye karatu sau ɗaya tana iya sakewa, kuma uban da ya guje mata haka ba mugu ba ne. Sai dai ɓoyon ya fara cin ta tun yanzu, ta rasa masu kawo aiki, tana kuka tana zargin hannunta. Ɗalibar jinya kuma ba ta daɗewa tana yarda da labarin tela.

Don haka ka fara kiran yayyenta, ka gaya musu ƙarara, ku tsara wanda zai riƙa raka ka asibiti, wannan karon da jikinsu za su zo. Sannan ranar Laraba ka zaunar da ita, ka miƙa mata kebul ɗinta, ka ba ta haƙuri a kan kwanakin nan, ka gaya mata abin da likita ya ce da bakinka, ba wasa a ciki. Ka nuna mata an riga an raba jinyar, kasonta shi ne ta gama wata biyar ɗin nan. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi, ka zauna ka ɗauka, ka ci wannan bashin.

Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, ya ba ka ikon buɗe baki, ya nuna maka ranar da za ta karɓi shaidar kammalawa kana tsaye da ƙafafunka.