Ban Yafe wa Mai Kwalabe Ba

Baban Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah ya sa kana cikin ni'ima. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma magana ta tokare ni a ƙirji, kuma kai kaɗai nake so ka ji ta.

Gida lafiya. Na fita takaba. Ruwa ya sake cika unguwarmu ta New Bell har ƙofar ɗakinmu, mun kwashe da bokiti kamar kullum. Ƙanenka Bello ne a rumfarka ta kasuwar Marché Dakar. Albasa tana zuwa daga Garwa, sai dai bai iya zaɓe ba. Sadiya ta sauka, namiji. Sunanka aka sa masa, don haka har yau bakina bai iya kiransa ba.

Ka tuna ranar da likita ya ce in biyo shi waje? Da na dawo na ce maka magani yana aiki a hankali. Ba haka ya faɗa ba. Ya ce a jinin kowa akwai ƙwayoyin da aikinsu kashe cuta. Naka sun gane ciwon dajin da ya fara a tafin ƙafarka, sun shiga cikinsa suna yaƙi. Amma in yaƙi ya yi tsawo sukan gaji, su zauna a wurin suna kallo kawai. Ƙarin ruwan da ake yi maka ba shi ke kashe ciwon ba, tashin su yake yi, masu sauran ƙarfi su koma faɗa. Naka kuwa, in ji shi, da alama sun wuce tashi. Bai ce da mun zo da wuri lalle da ka rayu ba. Ya dai ce lokacin da baƙin tabon nan bai fi ƙwayar wake ba, yanke shi kawai za a yi.

Muna ina a lokacin? Muna unguwar Kassalafam, a kan bencin mutumin nan da ya raɗa wa kansa suna Dokta, mai kwalabe da lasifika. Shi ya ce sammu ka taka a kasuwa. Shi ya rantse cewa in wuƙar asibiti ta taɓa wurin ka gama. Ka sha ruwan ɗacinsa kana amai, yana cewa ciwon ne ke fita. Damina ta wuce, wata ta zo, sai da kaluluwa ta fito maka a cinya kamar ƙwan kaza sannan ka yarda muka tafi asibiti.

Da mai kwalaben ya tsaya nan, wataƙila da na bar shi da Allah. Amma ka san ya zo sadakar ukunka? Ya zauna a tabarma, ya ci shinkafa, ya shafa fatiha. Bayan haka maƙwabciyarmu ta ce in je in ji abin da lasifikarsa ke faɗa. Ranar da na fita takaba na hau benskin, acaɓan garin nan, na je, na ji da kunnena. Wai ga mai albasar Marché Dakar nan, ya bar maganinsa ya bi ƙarin ruwan asibiti, ya mutu. Da gawarka yake talla, Baban Sadiya.

Ban koma gida ba. Na zauna a bencin, duk wanda ya zo na ba shi labarin ƙafarka. Akwai wata Bafulatana mai ƙullutu a mama, na kama hannunta na kai ta asibiti. An yi mata aiki, tana nan da ranta. Kada in yi maka ƙarya, ba lada na je nema ba. So nake in ga bencinsa ya bushe. Na bi gidajen suna da na biki, na faɗa da Hausa, na faɗa da guntun Faransancina. Ya turo dattawa su ba ni haƙuri, na ba su ruwa suka sha suka tafi. Bello ya ce ina zubar da mutuncin gida. Mutuncin gida ba yana kwance a maƙabarta ba?

A ƙarshe mai gidan haya ya kore shi. Ina tsaye aka loda kwalabensa a kura, ɗaya ta faɗo ta fashe a bakin kwata. Na yi dariya, karo na farko tun rasuwarka.

Na san abin da za ka ce. Kai ko wanda ya sace maka albasa kakan ce wataƙila yunwa ce. To in ka yafe, naka ka yafe. Ni ban yafe ba, duniya da lahira. Wa zai dawo mini da kai? Wa zai nuna wa jaririn nan kakansa?

Yanzu na ji ya ƙetare gada, ya buɗe wani shago a Bonabéri da sabon suna. Mijin Bafulatanar nan ya gano mini layin. Jibi za mu je ni da ita, ta ce za ta nuna wa matan can ɗinkin aikin da aka yi mata.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Matarka,
Maman Sadiya