Hayaƙin Baba Yana Nan

Yaya Sani, assalamu alaikum. Ya Legas, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Argungu lafiya lau, sai idon Baba da ke ƙara dushewa.

Ka tuna farin tabon nan ƙarƙashin taurari ukun da ke jere, wanda Baba ke ce mana hayaƙin masu ƙona karan shinkafa ne? Shekaranjiya maƙwabcinmu Malam Bitrus ya kafa madubin hangen nesa a bakin fadama, ya ce a cikin gajimaren nan ake haifar taurari. Baba ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce, "Har yau ba su gama ƙonawa ba. Ina Sani ya gani?"

A sa shi a addu'a, a gaida kowa. Don Allah ka zo tun yana gani.

Ƙanwarka,
Hadiza