Kwando Ɗaya na Irin Kaka

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ya kuma gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Goggo, da kunya nake rubuto miki. Bara na raina ƙananan jajayen dankalin da Kaka ya bar mana, na sayo manya masu sheƙi a kasuwa, na datsa su na binne a ranar. Fiye da rabi suka ruɓe a cikin kunya. Na Kaka kuwa na watsar a ɗakin ajiya, ɓeraye suka yi ta shagali. Jiya na tsince, kwando ɗaya ya rage, duk sun yamushe. Idan wannan ma ya lalace, irin ya ƙare ke nan, kuma a hannuna. Don Allah ki sa a rubuto mini yadda kuke yi a da. Faɗan ma ki haɗo da shi, na cancanta.

Ɗanki,
Auta

Zuwa ga Goggona,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jiki, ya mutanen gidan?

Wasiƙarki ta iso tun kafin shuka, shafi biyu faɗa, rabin shafi noma. Na bi maganarki tiryan-tiryan. Kowane yanki na bar masa ido biyu, na mulmula shi a toka, na shanya a inuwa kwana uku, ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa. Sau biyu na tara ƙasa a gindinsu. Da ganye ya cika, na bi kunya-kunya ina ɗaura tsumma a kan masu lafiya, don daga su kaɗai za a ɗebi iri. Maƙwabcina har tambaya ya yi ko dankalin ne ya ji ciwo.

Shekaranjiya muka haƙa. Da na ɗaga gindin farko na ga goma sha ɗaya jajur, sai na zauna a ƙasa, hawaye ya zo mini. Ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan Kaka.

Direban da ya kawo takardar nan yana da ƙullinki, dankalin ci ne a ciki. Na iri kuma, kwando huɗu, na shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa a rami na rufe da kaina. Ki kwantar da hankalinki, Goggo, baɗi akwai abin shukawa.

Ɗanki mai godiya,
Auta