Turancina da Rufin Ajin Rifkatu

Yaya Hannatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Legas, yaya maigida da yara? Mu a Kafanchan lafiya lau.

Ranar Talata na tashi a taron iyaye, na faɗa da ɗan Turancina cewa rufin ajin 'yata Rifkatu yana yoyo. Sai hedimasta ya katse ni, wai zai koya mini inda ake sa "is" da "are". Aka yi ta dariya. Ban zauna ba. Na juya Hausa, na ce, "Malam, ka gyara Turancina, na gode. Yaushe za ka gyara rufin?" Ya ce in dawo ranar Juma'a.

Juma'a zan koma, da Turancin nan nawa. Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Saratu